Muryar Da Ta Ɓace A Wayar Hajiya

Saura kwana uku a yi kamu Hajiya ta faɗo situdiyo, sallamar ma a tsaitsaye ta yi ta. Ita ce gwaggon amarya, ita ta biya kuɗin waƙar bikin, ita kuma ta kawo mini takardar sunaye mai shafi biyu: iyaye, kakanni, ƙawaye, dangin ango, kowa da gurbin da za a ambace shi. Ta ɗora jakarta a kan fiyano, abin da na hana kowa yi, ta zaro 'yar ƙaramar wayarta mai tocila ta miƙo mini.

"Malam, me na yi maka?"

"Hajiya, lafiya dai ko?"

"Lafiyar ke nan. Kunna ka ji aikin da ka yi mini."

Na kunna. Kiɗa ya tashi yadda na san shi, 'yan amshi suka shigo tas. Da aka iso baitin farko, inda mawaƙiya za ta fara jero sunaye, sai wuri ya zama fili. Kiɗa na tafiya, ba mai waƙa. In ka kasa kunne sosai za ka jiyo wani abu kamar mace na rera waƙa a ƙasan rijiya, can nesa, ba ka tsintar ko kalma ɗaya. Amshi ya dawo garau. Baiti na biyu, rijiya. Haka har waƙar ta ƙare.

Hajiya ta riga ta gama nata binciken tun daga gida. Dangin ango ne suka zagayo suka ba ni wani abu don in shafe sunayen dangin amarya. Na ce mata ai har sunan uwar ango ya tafi. Ta ce wannan don a ɓatar da sawu ne.

Na sa mata hedifon a kunne, na kunna waƙar daga kwamfutata. Murya ta fito raɗau, suna bayan suna. Ta saurara har aka zo kanta, ta cire, ta dube ni.

"To, wannan ita ce ta gaskiya. Me ya sa ka ba ni jabu?"

Na roƙe ta ta bar mini wayar zuwa gobe da la'asar. Ta bari, amma sai da ta cire layinta.

Zargina na farko shi ne wanda kowane mai situdiyo a Kano zai yi. Waƙa in ta bar hannunka ba ka san hanyar da za ta bi ba. Wannan ya tura wa wancan ta Bluetooth, wani ya kai wa masu turi a kasuwa su sa masa a memori, wani ya naɗe ta da wayarsa daga bakin sifika ya aika a matsayin saƙon murya. Kafin ta zagayo ta zama wani abu daban. Na tabbata kwafin Hajiya ya lalace a hanya. Yaron shagona ya buɗe bayan wayar, ya zaro memorin, muka sa a kwamfuta. Na duba nauyin fayil ɗin, na duba nauyin nawa. Daidai suke, ko lamba ɗaya ba ta bambanta ba. Na kunna nata kwafin a hedifon: ga murya nan cikakkiya. Muka mayar da memorin cikin waya: rijiya.

Fayil ɗaya, hali biyu. Nan na fara jin gumi.

Yaron ya ce, "Oga, ko sifikar wayar ce ta fashe?"

Da haka ne da na ji daɗi. Amma wayar tana ɗauke da karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙin wasu mutane, duk suna fita lafiya. Kuma 'yan amshinmu mata ne kamar mawaƙiyar, muryarsu ba ta fi tata kauri ko siranta ba. Babu sifikar da za ta fashe ta zaɓi mace ɗaya cikin huɗu ta haɗiye. Duk da haka muka gwada. Wayar yaron, rijiya. 'Yar akwatin kiɗa mai caji ta mai shayin ƙofar shago, rijiya. Motar maƙwabcina mai sayar da atamfa, murya ta fito, sai dai ya ce yana jin ta kamar tana yawo, ya kasa cewa daga gaba take ko daga baya. Ban ɗauki maganarsa da muhimmanci ba a lokacin. Da na ɗauka da na yi barci da wuri.

Sai na koma kan MP3, wanda dama ba na yi masa kallon mutumin kirki. Waƙa a cikin kwamfuta jerin lambobi ce. A ma'aunin faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar kasuwa a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo da bit 16, a layi biyu, hagu da dama. In ka ajiye wannan yadda yake a WAV, minti ɗaya yakan ci fiye da megabait 10. Waƙar Hajiya minti bakwai ce, saboda yawan dangi, ta haura megabait 70. Ba mai karɓar wannan a ƙaramar waya. Shi ya sa muke matse ta zuwa MP3, dabarar da aka yi yawancin aikinta a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, aka raɗa mata wannan suna na fayil a 1995. A kan kilobit 128 a sakan, minti ɗaya yakan koma kusan megabait 1. Kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ke nan ya rage. Sauran an zubar, bisa lissafin cewa kunne ba zai lura ba: sautin da wani mai ƙarfi ya danne, da na can sama da yawancin manya ba sa ji. Na ce a raina, mai zubar da kashi goma cikin sha ɗaya, me zai hana wata rana ya haɗa da mawaƙiya?

Na sake fitar da waƙar a kan kilobit 320, iyakar abin da MP3 ke bayarwa. Rijiya. Na fitar da WAV ɗin kansa, wanda ba a zubar da komai a cikinsa ba, muka jira ya gama shiga memori. Rijiya, sai dai wannan karon rijiya mai tsabta. MP3 ya fita daga zargi. Gaskiya ma ban kyauta masa ba. Ɓarnarsa sananniya ce: kacau-kacau ya zama kamar ana watsa ruwa a kwano, harafin "s" ya riƙa shuu. Bai taɓa sace mutum sukutum ba.

A nan ne na tuna abin da ya kamata in fara tunawa. Kiɗan ni na buga. 'Yan amshi a ɗakin nan suka tsaya, a gaban makirfona. Amma mawaƙiyar ba ta taka situdiyon nan ba. Ta tafi gida Maraɗi duba mahaifiyarta, lokaci ya ƙure, sai na tura mata kiɗan, ta shiga wani ƙaramin situdiyo a can ta hau, suka turo mini muryar. Abin da ya ɓace shi ne kaɗai abin da ya zo daga waje.

Na buɗe fayil ɗin da suka turo. Sun turo shi ta WhatsApp a matsayin takarda, yadda na ce su yi, don ta wannan hanya ba a taɓa komai a cikinsa. WAV ne, sitiriyo, an auna shi sau 48,000 a sakan, ma'aunin da 'yan fim da masu bidiyo ke aiki da shi. Aikina kuwa a kan 44,100 yake. Na yi tsalle na ce na kama ɓarawo.

Murnar ba ta kai minti biyar ba. Na san ciwon da saɓanin waɗannan lambobi ke haifarwa, don ya taɓa kama ni a waƙar wani fim. In na'ura ta karanta sautin 44,100 da saurin 48,000 ba tare da ta juya shi ba, komai yakan ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100. Waƙar minti 5 ta ƙare a minti 4 da sakan 36, murya ta ɗaga, ƙato ya koma kamar saurayin da muryarsa ba ta gama fashewa ba, bakin jarumi ya rabu da maganarsa. In aka yi akasin haka sai murya ta yi nauyi ta ja ƙafa. Ciwo ne na sauri da tsayin murya. Manhajar da nake aiki da ita, FL Studio, tana juya wannan da kanta in ka jefa mata fayil, kuma shaida ita ce muryar ta hau kan kiɗa daidai daga farko har ƙarshe, ba ta riga shi ba, ba ta makara ba. Wannan ma ba shi ba ne.

Bayan isha'i yaron ya ɗauko bayan takardar sunayen Hajiya ya ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya ya rubuta inda murya ta mutu, ɗaya gefen inda ta rayu. Ya daɗe yana kallo.

"Oga, duk inda ta mutu sifika ɗaya ce."

Na karɓi takardar. Wayar Hajiya, ɗaya. Wayarsa, ɗaya. Akwatin mai shayi, ɗaya. Hedifon, biyu. Mota, huɗu. Yaron nan da nake aika sayen mai ya ga abin da na kasa gani.

Bayanin da ya zo mini nan take mai sauƙi ne. Wataƙila muryar tana zaune a hannu ɗaya kawai, a ce dama, ƙananan wayoyi kuma hagu kaɗai suke kunnawa. Na sa iyafis na hagu shi kaɗai a kunne: ga murya, tsaf. Na cire na sa na dama shi kaɗai: ga ta, tsaf, ƙarfinsu ɗaya. Tana hagu, tana dama. To ina take zuwa?

Ina cikin wannan sai mai kiɗan bikin ya kira, wanda za a ɗauka ya kunna waƙar a wajen kamu. Na ba shi kwafi tun farkon mako. Na tambaye shi ko ya gwada.

"Tun jiya, maigida. Waƙa ta yi. Har maƙwabta sun fara haddace sunayen."

"A sifika nawa ka gwada?"

"Ɗaya mana. Babbar nan. Ɗayar tana wajen gyara."

Na ajiye waya na dubi yaron, ya dube ni. Sifika ɗaya, murya lafiya. Lissafinsa mai kyau ya rushe, ko kuma haka muka zata. Muka rufe shago ba wanda ya ce wa wani sai da safe.

Da safe na ɗauki kwamfuta na nufi wajen Baba. Tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne, a ɓangaren injiniyoyi ya yi ritaya, yanzu yana da 'yar rumfa inda yake gyaran rediyo da amfilifaya, kan teburinsa kullum ƙaurin dalma. Ba ya son kiɗan fiyano, yana faɗa mini haka duk haɗuwarmu, amma yana son tambaya mai wuya. Na kwashe labari na faɗa masa tun daga Hajiya har zuwa mai kiɗan biki. Bai ɗago daga rediyon da yake gyarawa ba.

"Ka saurare ta a mono kafin ka sallame ta?"

"Baba, wa ke jin mono yanzu?"

Sai a lokacin ya ɗago, ya zare tabarau. "Wayar da ke aljihunka ta Hajiya, bakinta nawa?"

Na yi shiru.

"Kai kana zaton mono rabin sitiriyo ne, a ɗauki hannu ɗaya a bar ɗaya. Ba haka ake yi ba, ɗana. Tara su ake yi. Hagu a ɗora kan dama, a raba biyu, a ba sifika."

Ya jawo wani tsohon rediyo ya nuna mini 'yar jar fitilar da kan kama in tashar FM ta zauna sosai. Ya ce gidan rediyo ba ya aiko hagu daban dama daban. Abin da yake aikowa a gaba shi ne jimlar su biyun, don rediyo mai baki ɗaya ya samu komai. Bambancinsu kuma, wato hagu a debe dama, ana ɗora shi can sama a kan juyi 38,000 a sakan, inda kunne ba ya kaiwa, tare da wani siririn sauti a kan 19,000 da ke sanar da rediyo cewa akwai sitiriyo, shi ne mai kunna jar fitilar. Rediyo mai baki biyu ya tara ya samu hagu, ya debe ya samu dama. A 1961 aka amince da wannan tsari a Amurka, duniya ta bi. Dabarar tarawa da debewar kuwa ta girmi haka: tana cikin takardar da Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, ya shigar a 1931 lokacin da yake neman haƙƙin ƙirƙirar sitiriyo. Baba ya ce a zamaninsu duk kaset ɗin da aka kawo tasha sai an danna mono an ji kafin ya hau iska, domin mai rediyon da ke rataye a wuyan makiyayi ba ruwansa da hagu da dama.

"Buɗe injin naka. Haɗe su."

A kan babban layin fitarwa na miksar FL Studio akwai wani ɗan makunni da ke buɗa sitiriyo ko ya tsuke shi. Shekaru ina ganinsa, ban cika taɓa shi ba. Na murɗa shi har ƙarshe wajen tsukewa, hedifon na kunnena. Mawaƙiya ta faɗa rijiya a gabana, a cikin kwamfutata, a cikin aikin da na rantse lafiyarsa lau. Na mayar, ta fito. Na sake murɗawa, ta nutse. Sai da na yi haka sau biyar kamar yaro da makunnin fitila.

Na kashe kiɗa da amshi da duk kwalliyar da na yi wa muryar, na bar ta tsirara, na sake haɗewa. Shiru. Ba shiru ɗungurungum ba: akwai wani ɗan gurnani a ƙasa, zuuu, wanda ban taɓa lura da shi ba. Baba ya karɓi hedifon ya saurara, ya ce wannan gurnanin wutar lantarki ne, mai juyawa sau 50 a sakan, irin wadda ake sha a Najeriya da Nijar. Ya ce in riƙe shi a rai, zai yi amfani.

Sai ya sa na buɗe zanen sautin, in yi ta kusanto shi har kalma ɗaya ta cika allo. Layi biyu ne, na hagu a sama, na dama a ƙasa. A murya ta ƙalau da aka ajiye a tsakiya, su biyun kan tafi tare: tudu a nan tudu a can, kwari a nan kwari a can. Waɗannan kuwa lugude suke yi. Taɓaryar hagu na sama, ta dama na cikin turmi. Duk inda ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka daidai gwargwado, kamar mutum da hotonsa a cikin ruwa.

Daga nan komai ya fara zama a gurbinsa. Sifika fata ce da ke turowa waje ta koma ciki, lambobin fayil ne ke gaya mata yadda za ta yi. In hagu ya ce fita taku biyar, dama ya ce shiga taku biyar, aka tara aka ba fata ɗaya, ba inda za ta motsa. Biyar a debe biyar. Kiɗa da amshi ba su da wannan rigima, hagunsu da damansu bakinsu ɗaya, shi ya sa tarawa ba ta cuce su ba. A hedifon kuwa kowane kunne da tasa fatar, ba inda sautin biyu ke haɗuwa balle su kashe juna. A mota suna haɗuwa a iska, su ci juna a wani wuri su bar juna a wani, shi ne yawon da mai atamfa ya ji.

Kuma dole in faɗi nawa laifin. Daren da na haɗa waƙar an ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, manyan sifikun situdiyo ba su tashi ba. A batirin kwamfuta na yi aikin, da hedifon. Na ji muryar ta yi wani faɗi, kamar tana kewaye kai maimakon ta tsaya a tsakiyar goshi. Na ce a raina mutanen Maraɗi sun iya aiki. Ciwon ne nake yaba wa.

Saura abu biyu da ba su zauna ba. Na farko rijiyar. In murya ta mutu, wace ce ke waƙa a can ƙasa? Wannan ni na gano da kaina, ina mayar da kwalliya ɗaya bayan ɗaya. Da na kunna eko sai ga ta. Na'urar amsa-kuwwa tana kwaikwayon ɗaki ne, kuma da gangan take sa abin da ke dawowa ta hagu ya bambanta da na dama, don ɗakin ya yi faɗi a kunne. Abin da ya bambanta ba ya kashe juna in an tara. Mai waƙa ta tafi, amsa-kuwwarta ta tsaya. Da a ƙauyenmu aka ji wannan, da tuni an nemo mai ruƙiyya.

Na biyu mai kiɗan biki da sifikarsa ɗaya. Baba ya ce in kira shi in tambaye shi kalar kawunan kebul ɗin da ya sa daga kwamfuta zuwa miksa.

"Fari da ja ne, maigida. Amma jan ya tsinke tun bara, na naɗe shi da salatif. Farin kaɗai ke aiki."

Farin shi ne hagu. Bai tara komai ba, hannu ɗaya yake sha, kamar ni da iyafis ɗaya. Tsinkakken kebul ne ya cece shi. Da ya yi abin kirki ya sayi sabo ya haɗe layukan a miksa, da a gaban mata ɗari biyu za a yi abin kunyar. Lissafin yarona daidai ne, abin da ya rage masa kawai shi ne ba yawan sifika ake dubawa ba, a duba ko an tara.

Na so in tsaya nan in gyara, amma Baba ya ce ruwa ba ya tsami banza, murya ba ta juya kanta. Na kira mai situdiyon Maraɗi. Yaro ne mai ladabi, ya rantse bai sa wa muryar komai ba. Na ce ya ɗauko mini hoton yadda ya haɗa kayansa. Ya ce ƙaramar na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta ta ƙone makonni uku da suka wuce, sai ya yi dabara: makirfo zuwa miksa, daga miksa kuma ya ja kebul zuwa shuɗiyar kafar da ke bayan kwamfutar tebur. Hoton ya iso. Jak ne mai zobe biyu baƙaƙe a kowane kai, babba a wajen miksa, ƙarami a wajen kwamfuta.

Baba ya kalli hoton ya yi dariya har da tari.

Jak mai zobe biyu kashi uku ne: tsini, tsakiya, gindi. Matsalar ita ce sana'a biyu ake yi da shi, kuma ba a rubuta a jikinsa wacce yake yi ba. A hedifon da kafar kwamfuta, tsini hagu ne, tsakiya dama, gindi ƙasa. A mafitar miksa irin wannan kuwa sauti ɗaya ne ake aikowa sau biyu: tsini ya ɗauko shi a miƙe, tsakiya ta ɗauko shi a kife. Da gangan ake yin haka. Doguwar waya tana tsintar gurnani a hanya, kuma gurnanin yakan shiga silin biyu iri ɗaya. Na'urar da aka gina don karɓar irin wannan sai ta sake kifa na kifen, sauti ya haɗu da ɗan uwansa ya ƙara ƙarfi, gurnani ya haɗu da kishiyarsa ya mutu. Haka kebul ɗin makirfo mai ƙafa uku ke aiki a kowane situdiyo. Amma kafar kwamfutar ba ta san wannan yare ba. Ta ga tsini ta rubuta hagu, ta ga tsakiya ta rubuta dama, ta ajiye miƙaƙƙe da kifaffe gefe da gefe ta kira su sitiriyo. Muna ta zaton wuta a maƙera, MP3 da masu turi da lambobin awo, ashe a masaƙa ta tashi, a kebul ɗin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Da na koma shago na bar yarona ya gwada gyaran, don shi ya fara hango hanya. Ya buɗe muryar, ya zaɓi umarnin mayar da sitiriyo mono, ya danna. Zanen ya koma miƙaƙƙen zare. Ya dafe kai.

"Oga, na goge ta!"

Bai goge ba, ya yi wa fayil ɗin abin da wayar Hajiya ke yi masa ne. Wannan umarni tarawa yake yi. Muka janye. Hanya biyu ce. Mai sauƙi, a raba layukan, a jefar da dama, a riƙe hagu shi kaɗai a matsayin mono. Kowace manhaja tana da wannan, har Audacity da ake samu kyauta. Ɗaya hanyar ita ce a yi aikin da kafar kwamfutar ta kasa: a kifa layin dama tukuna, sannan a tara. Na tuna gurnanin da Baba ya ce in riƙe. Muka gwada duka biyun muka saurara. A ta farko murya ta dawo da zuuu ɗinta a ƙasa. A ta biyu murya ta dawo, gurnanin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, domin shi iri ɗaya ne a layukan biyu, kifawar da ta sulhunta muryar ita ta haɗa shi faɗa da kansa. Muka ɗauki ta biyu.

Sai da na sake zama a kan waƙar kusan awa biyu, don muryar da ta dawo tsakiya ta zo da nauyin da ba ta da shi a da, ta danne kalangu, eko ya yi mata yawa. Na fitar da WAV don mai kiɗan biki, na fitar da MP3 don dangi. Kafin in kira kowa na sa a wayar Hajiya, na ɗora ta a kan fiyano, muka tsaya ni da yaron kamar masu jiran sakamakon asibiti. Baitin farko ya zo. Sunan kakan amarya ya fito daga 'yar sifikar nan kamar mai shela.

Na sake kiran Maraɗi na faɗa wa mai situdiyon irin kebul ɗin da zai nema kafin ya sayi sabuwar na'ura, da yadda zai ceto abin da ya riga ya naɗa. Na tambaye shi waƙa nawa ya yi a makonni ukun nan. Ya yi shiru, na ji yana ƙirgawa a hankali. Da ya wuce goma sai ya ce zai kira ni an jima.

Hajiya ta zo bayan la'asar da ƙawarta, shaida. Ta mayar da layinta, ta kunna da kanta, ta kara wayar a kunne duk da ƙarar ta cika ɗakin. Ta saurari baiti na ɗaya tana gyaɗa kai. Na biyu, ta ɗan yi murmushi. A na uku ta tsayar da waƙar, ta mayar baya, ta sake ji.

"Malam."

"Na'am, Hajiya."

"Wa ya ce a sa sunan facalata kafin nawa?"

Na ɗauko takardarta mai shafi biyu, wadda yaron ya ja wa layi a baya, na nuna mata rubutun hannunta. Ta duba, ta duba, ta ninke ta sa a jaka.

"Nawa ne a sake?"